Idan AC ɗin mota ya daina sanyi: Abin dubawa kafin a ce "gas ne ya ƙare"

Wata ranar Alhamis cikin watan Maris, ana azumi, na ɗauko yara daga makaranta a Ikeja za mu koma gida Agege, sai muka faɗa cikin irin cunkoson da duk mazaunin Legas ya sani. Ba mu yi minti goma a tsaye ba na ji iskar da ke fitowa daga iyakwandishan ɗin motar ta koma ɗumi. Na ƙara ƙarfin fanka, sai ta ƙara huro mana zafi. Na sauke gilashi, hayaƙin wata tirela da ke gefenmu ya cika motar. Ƙaramar 'yata mai shekara huɗu ta fara kuka, can kuma ta yi tsit, ta kwantar da kai a jikin yayarta, gumi ya jiƙe mata riga sharkaf. Shirun nan ya fi kukan tayar mini da hankali.

Da hanya ta buɗe muka fara gudu, sai sanyi ya dawo kamar ba a yi komai ba. Washegari na kai motar gareji. Mai gyaran ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Aka ɗura, na biya. Bayan kwana uku, a wani cunkoson, aka koma gidan jiya. Na tafi wurin wani daban, shi ma ya ɗura. Sai a hannun mutum na uku, wani dattijo da maƙwabcina ya haɗa ni da shi, aka gano cewa fankar da ke gaban injin ce ba ta juyawa. Rile ɗinta ne ya ƙone, wani ɗan abu da bai fi akwatin ashana girma ba. Gas kuwa yawa ma ya yi, sai da aka rage. Abin da na kashe a ɗurin banza sau biyu ya ninka kuɗin gyaran na gaskiya.

Wani zai ce me ya kawo maganar gareji shafin lafiya da iyali? To, a garin da mutum kan shafe awa biyu ko uku a kan titi kullum, motar gida ɗaki ce da yara da masu juna biyu da tsofaffi ke zama a ciki. Zafin cikinta, da iskar da ake shaƙa, da irin gas ɗin da aka ɗura mata, duk sun shafi lafiya kai tsaye.

Gas ba ya ƙarewa, zubewa yake yi

AC ba ya ƙirƙirar sanyi. Aikinsa shi ne kwashe zafin cikin mota ya zubar a waje. Wanda ya san randar ƙasa ya san sirrin: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya tafi da zafi, shi ya sa na ciki ke yin sanyi. Haka ma sifirit ɗin da ake shafawa kafin allura. Gas ɗin AC wani sinadari ne mai saurin tafasa. Wanda aka fi amfani da shi a motocinmu, R-134a, yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili.

Ga yadda yake zagayawa. Kwamfireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana matse gas ɗin har ya yi zafi sosai, ya tura shi zuwa kondensa, wato wannan faffaɗan abu mai kama da lagireto da ke gabansa. A nan iskar waje ke huce shi ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta diraya mai tsotse danshi, ya wuce ta wata 'yar ƙaramar ƙofa zuwa ibaforeto da ke ɓoye a bayan dashbod. A can yake tafasa ya zuƙe zafi, fankar ciki kuma ta huro iska ta jikinsa zuwa fuskarka. Sai gas ya koma kwamfireso, a sake zagaye.

Abin lura shi ne hanyar rufaffiya ce. Gas ba fetur ba ne da ake ƙonawa. Yakan ɗan tsiyaye ta robobi a hankali cikin shekaru, amma idan motarka na neman ɗuri duk bayan wata biyu ko uku, to akwai huda a wani wuri, kuma duk wanda ya ɗura bai nemi hudar ba, randa mai yoyo yake cika maka. Ga wata illar kuma: man da ke sulɓa kwamfireso yana yawo ne tare da gas. Inda gas ya fita, mai ma na fita. A haka kwamfireso ke yin aiki a bushe har ya ci kansa, kuma shi ne ya fi komai tsada a cikin kayan AC.

Abin da za ka iya dubawa da kanka

Kafin ka kai mota ko'ina, ka ba ta minti goma a ƙofar gida, a fili, ba cikin rufaffen gareji ba. Tayar da inji, kunna AC, sa fanka a lamba ta ƙarshe.

Fara da iska. Idan babu iskar da ke fitowa kwata-kwata, maganar gas ba ta taso ba: fiyus ne, ko rile, ko fankar ciki. Murfin akwatin fiyus yana ɗauke da zanen da ke nuna na kowane abu. Idan ka canza fiyus, ka sa mai lamba ɗaya da wanda ka cire. Wanda ya sake ƙonewa nan take yana gaya maka akwai wayar da ke haɗuwa, aikin rewaya ne. Kada ka yarda a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari a ce "ya zauna", domin fiyus an yi shi ne don ya ƙone a madadin motar. Idan kuwa fanka na aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, sauran lambobin shiru, to ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya lalace, kuma gyara ne mai sauƙi.

Idan iska na fitowa amma ba ƙarfi, ga ƙarar fanka ana ji, duba matacin iska. A yawancin motoci yana bayan 'yar durowar da ke gaban kujerar mai zaman banza, kuma ana ciro shi da hannu. Da yawa daga cikinmu ba mu ma san da shi ba. Na taɓa ganin wanda aka ciro daga motar wani ɗan'uwa da ya dawo daga Kano lokacin hunturu: ya yi baƙi ƙirin, ga ganye, ga gashin kaza, har da ledar alewa. Masu ƙera motoci kan ce a canza shi a kusan kowane kilomita 15,000 ko sau ɗaya a shekara, amma da ƙurarmu da hayaƙinmu gara a riƙa leƙa shi kafin nan. Wasu motocin Kwatano ma babu shi sam, an cire ba a mayar ba, ƙura na tafiya kai tsaye ta manne a jikin ibaforeto.

Idan iska na da ƙarfi amma ba sanyi, sai a buɗe bonet. A nan a yi hattara: a cire babbar riga, a naɗe mayafi ko hirami, a nisanta yara, domin bel na juyawa, kuma fanka kan tashi da kanta ba sanarwa. Ka sa wani ya danna maɓallin AC kai kuma ka saurara. A yawancin tsofaffin motoci za ka ji "ƙas", tsakiyar fulin kwamfireso ta kama juyawa. Idan ba ta kama ba, ko fiyus ne, ko rile, ko kulocin kansa, ko kuma gas ya yi ƙasa sosai. Akwai wani makunni da ke hana kwamfireso tashi idan gas ya gaza, don ya kare shi. Idan kuma tana kamawa tana saki duk bayan 'yan daƙiƙu, alamar ƙarancin gas ce sau da yawa. Sababbin motoci da dama kwamfiresonsu ba ya yin wannan ƙarar, don haka rashin jin ta ba hujja ba ce a kansu.

Sai ka kalli fankar gaba. Da AC a kunne mota na tsaye, ya kamata ta tashi cikin ɗan lokaci. Wannan ita ce matsalar da ta wahalar da ni, kuma alamarta a fili take da na san ta: sanyi a kan gudu, zafi a cikin cunkoso. Idan mota na gudu, iskar hanya ce ke huce kondensa. Idan ta tsaya, fanka ce kaɗai. Haka nan kondensar da laka da ƙwari da leda suka toshe ba za ta huce gas ba ko fanka na juyawa. A wanke ta da ruwa a hankali. Kada yaran wankin mota su dosa mata ruwa mai ƙarfi kusa-kusa, domin siraran ƙarafunta na lanƙwashewa.

Akwai bututun alminiyam guda biyu da ke shiga ta bangon da ya raba inji da ɗakin mota. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi, har yana gumi; siririn kuma da ɗumi ko zafi. Idan duka biyun zafinsu ɗaya da iskar waje, gas ba ya zagayawa. Idan mai kaurin na da sanyi amma cikin mota zafi ake hurowa, to gas lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin dashbod, a 'yar ƙofar da ke gauraya iska mai zafi da mai sanyi. Ka kuma duba mahaɗan bututu: duk inda ka ga danshin mai da ƙura ta manne, nan ne wurin da ake zargi da yoyo.

Wata alamar da ke ruɗa masu doguwar tafiya: an tashi daga Legas da sanyi mai daɗi, kafin a kai Ibadan iska ta ragu kamar an toshe, a kashe AC na minti goma sai ya dawo. Ƙanƙara ce ta daskare, ko a jikin ibaforeto ko a 'yar ƙofar nan saboda danshin da ya shiga cikin bututu. Sannan idan allurar zafin inji ta haura, motoci da yawa kan yanke AC da kansu. A irin wannan yanayi manta da sanyi, ka tsaya ka ceci injin, kuma kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi.

A gareji

Iyakar aikin mai mota ke nan. Kwance bututu ba aikin gida ba ne. Gas ɗin na fita da ƙarfi, kuma idan ya taɓa fata ko ido yana daskarar da wurin nan take, yana iya makantarwa. Idan ya haɗu da wuta kuma yana rikiɗewa ya zama hayaƙi mai guba, shi ya sa ba a walda a jikin bututun da ke da gas.

Ana gane mai gyara na ƙwarai tun daga farko. Yakan tambaye ka yaushe sanyin ke ɗaukewa, ya haɗa gejinsa mai fuska biyu ya karanta ɓangaren sama da na ƙasa, ya duba fanka da wuta, kafin ya yi maganar gas. Idan gas ya gaza, zai nemi hudar: da ruwan sabulu, ko da wani rini da ke haskawa a ƙarƙashin fitila ta musamman, ko ya matsa iskar naitirojin ya bar ta ya ga ko allura za ta sauka. Bayan ya toshe, sai ya sa injin zuƙe iska na kusan rabin awa don ya fitar da iska da danshi. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa saboda gaggawa ko rashin wuta, kuma danshin da aka bari ciki shi ke zama ƙanƙara, ya kuma ci ƙarfe daga ciki.

Sannan a ɗura gas da awo. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda manne da ke faɗin irin gas da nauyinsa, a ƙananan motoci yawanci rabin kilo ne ko kusa da haka. Mu kan ɗauka yawan gas yawan sanyi ne, har wani ya ce, "Oga, ƙara mini kaɗan." Akasin haka ne. Gas da ya yi yawa yana ɗaga matsi, sanyi ya ragu, kwamfireso ya wahala.

Abu biyu nake roƙon mai karatu kada ya yarda da su ko da araha ne. Na farko, a haɗa kwamfireso "dairek", wato a tsallake makunnin kariya don ya riƙa juyawa ko ta halin ƙaƙa. Za ka bar gareji da murna, bayan 'yan makonni ka dawo neman sabon kwamfireso, in ma bututu bai fashe ba. Na biyu, gas ɗin da ba na motar ba. R-22 na iyakwandishan ɗin gida ne, matsinsa ya fi ƙarfin kayan mota. R-600a na firji da R-290 kuwa dangin gas ɗin girki ne, suna kama wuta, ga shi kuma ibaforeto a cikin ɗakin mota yake, kusa da gwiwar matarka. Akwai kuma jabun gas a kasuwannin duniya. A shekarar 2011 wasu kwantenoni masu firji sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Burazil, ma'aikata suka mutu, kuma bincike ya danganta abin da jabun R-134a da aka gauraya da wani sinadari mai cin alminiyam. Ka nemi ganin tukunyar da za a ɗura maka daga ciki. Idan farashin ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, ka yi mamakin da kyau.

Nau'in gas ya sha canzawa. Motocin da suka girmi tsakiyar shekarun 1990 da R-12 suka zo, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya. Daga nan R-134a ya karɓa. Tun daga 2017 kuma sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai ba sa zuwa da shi, yawanci R-1234yf ne, haka ma yawancin sababbin motocin Amurka. Irin waɗannan sun fara yawa a titunanmu. Bakin ɗurinsu daban ne da gangan, don kada a gauraya. Masu mota mai haɗa fetur da lantarki kuma su sani kwamfiresonsu da wuta mai ƙarfi yake aiki, kuma man da yake sha na musamman ne. A sa masa na gama-gari yana iya jawo babbar ɓarna.

Idan kwamfireso ya riga ya mutu, ko sabo ka saya ko na hannu daga Ladipo, kada a ɗaura shi sai an wanke bututu an canza diraya, sau da yawa har da kondensa. Wanda ya mutu yakan bar garin ƙarfe a hanya, kuma garin nan ne zai kashe magajinsa.

Wari, tari da maganar "sanyi"

Warin rima da ke bugo hanci da an kunna AC da safe daga ibaforeto yake. Wuri ne mai duhu da danshi, ƙura ta taru, fumfuna ta samu gida. Ga mai lafiya abin ƙyama ne kawai, amma ga yaro mai asma ko mai yawan atishawa yana iya tayar da ciwo. Maganinsa sabon mataci, wanke ibaforeto, da wata 'yar ɗabi'a: idan saura minti uku ka isa gida, kashe AC ka bar fanka na hurawa don wurin ya bushe. Turaren mota ba ya kashe fumfuna, ƙara wa mai asma wahala ma yake yi.

Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota bayan an yi amfani da AC ba matsala ba ne, danshin iska ne da aka tatse. Matsala ita ce ka daina ganinsa a ƙasa ka fara ganin kafet ɗin gefen fasinja a jiƙe. Tiyon fitar da ruwa ya toshe ke nan, kuma buɗe shi aikin minti kaɗan ne.

Iyayenmu kan ce AC na sa wa yaro limoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo limoniya, ba iska mai sanyi ba. Sai dai akwai gaskiya a gefen maganar: busasshiyar iska da aka dosa wa fuska tana busar da hanci da maƙogwaro da ido. A karkatar da ita sama, kada a saita ta kan jariri. Masu ciwon sikila kuwa a kula da su ta fuska biyu, domin zafi da ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar musu da ciwo, haka ma sanyi mai tsanani, musamman idan sun shigo da gumi a jika. A matsakaita sanyin, a ba su ruwa, a riƙe musu 'yar rigar sanyi a mota.

Maɓallin da ke rufe iskar waje ya riƙa juya ta ciki yana da amfani a cunkoso: sanyi ya fi kamawa, hayaƙi ya ragu. Amma a doguwar tafiya, mota cike da mutane, iskar da ake fitarwa daga numfashi na taruwa ta kawo kasala da gyangyaɗi. Direban da ya kama hanyar gida da Sallah ya riƙa buɗe iskar waje lokaci-lokaci.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne kwana a mota da inji a kunne don a sha AC, abin da wasu kan yi daren da aka ɗauke wuta ga zafi ga sauro. Hayaƙin inji na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. A rufaffen gareji, ko a lungun da iska ba ta ratsawa, ko idan salansa ta huje, tana shiga mota. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, ba ya farkawa ne kawai. Guba ɗaya ce da ta janareto. Idan mutanen mota biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci guda, a tsaya, a fita, a duba salansa kafin a sake shiga.

Motar da aka ajiye a rana

Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta wallafa a Amurka a 2005 ya auna zafin cikin motar da aka ajiye a rana. An samu cewa cikin awa guda yakan haura na waje da kimanin digiri 22, mafi yawan hawan kuma a rabin awar farko yake faruwa. Ɗan sassauta gilashi bai canza komai a zo a gani ba. Ke nan ranar da waje ke digiri 33, abin da ba baƙo ba ne a Legas a watan Maris, cikin mota na iya wuce 50. Jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar.

Don haka babu "bari in shiga banki in fito", babu "yanzu zan idar da sallah". Barin inji da AC a kunne ma ba kariya ba ce: ka ga yadda nawa ya koma hura zafi cikin minti goma a tsaye. Motar da aka ajiye a gida ko a layi kuma a kulle ta, a ɗauke makulli daga inda yara ke kaiwa, musamman tsohuwar da ta daɗe ba ta tashi ba. A watan Disamban 2021 an tarar da gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da ke ajiye a yankin Badagry na jihar Legas. Idan yaro ya ɓace a unguwa, a fara leƙa motoci, har da but.

Alamun zafi ya fara galabaitar da mutum su ne gumi mai yawa, ciwon kai, jiri, amai, da kasala. A yaro ƙarami, rigima marar dalili, ko shirun da ba a saba gani ba, da ƙarancin fitsari. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa a yi masa fifita, a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Jaririn da bai kai wata shida ba a ƙara masa nono, ba ruwa ba. Idan kuwa mutum ya fara sambatu, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, jiki ya yi zafi rau, wannan gaggawa ce: a ci gaba da sanyaya shi a kan hanyar asibiti, kada a ɗura masa komai a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Lambar gaggawa 112 ce, a Legas kuma akwai 767.

Idan gyara bai samu ba tukuna

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun mayar da AC abin marmari, wasu kuma ya lalace sun bar shi. Yana ƙara shan mai, babu musu. Amma a kan babbar hanya buɗaɗɗen gilashi ma na riƙe mota ya ci nasa man, a cunkoso kuma ga hayaƙi ga masu fizgen waya. Da damina akwai wani amfanin da ake mantawa: AC ne ke share hazon da ke rufe gilashin gaba daga ciki. Wanda ruwan sama ya taɓa kamawa a kan gadar Third Mainland yana goge gilashi da hula ya san ba maganar jin daɗi ba ce. Ko ba za ka yi amfani da shi kullum ba, ka kunna shi na minti goma a mako, har da lokacin hunturu, don mai ya zagaya robobi kada su bushe su tsage.

Mai AC mai aiki ma zai rage masa nauyi idan ya yi fakin a inuwa, ya sa marufin gilashin gaba, kuma ya sauke gilasai a mintunan farko zafin da ya taru ya fita kafin ya rufe. A taɓa ƙarfen bel da kujerar yaro da hannu kafin a zaunar da shi.

Wanda kuma zai yi tafiya da iyali ba AC, ya sammako, ya huta da tsakar rana, ya riƙe ruwa fiye da yadda yake zaton zai buƙata, da tawul da za a riƙa jiƙawa. Kada a lulluɓe jariri da mayafi don kare shi daga rana, zafi ne ke taruwa a ƙarƙashi. Gara a rataya kyallen a jikin gilashin. Mai azumin da jiri ya kama a kan sitiyari ya sauka gefe, tafiyar ta jira.

Da dattijon nan ya gama aikinsa, ya soka ɗan ma'aunin zafi a bakin iskar tsakiya, ya bar motar a tsaye cikin rana inji na aiki. Bayan minti goma sha biyar allura ta tsaya a digiri 8, fankar gaba na tashi tana tsayawa yadda ya kamata. Ya miƙo mini ƙonannen rilen ya ce in ajiye a durowa, in kuma sayi sabo guda in haɗa da shi.